Ita ke shan jiƙo, cutar tana jikina

Har yau in na ji warin sassaƙen da aka jiƙa ya kwana, sai gabana ya faɗi. Kusan shekara uku matata ta yi tana shan irinsa don neman haihuwa. Da asuba, kafin ta ɗora ruwan shayi, za ta jawo kwanon sha daga ƙarƙashin gado, ta buɗe murfin, ta toshe hanci da yatsu biyu ta kafa kai. In ta sauke kwanon sai ta dafa bango ta yi jim, tana haɗiyar yawu don kada ya dawo. Ni kuwa ina zaune a bakin gado ina ɗaure igiyar takalmi, zan tafi ɗaga ƙarfe. Wani lokaci har nakan ce mata, "Daure ki shanye, wataƙila wannan ne na dacewa." Sai ta ce, "To Yaya, Allah ya sa."

Lafiyarta ƙalau. A jikina matsalar take, kuma da kuɗin gumina na sayo ta, kwalba bayan kwalba ta allurar gina tsoka. Sai da na nemi izininta kafin in zauna rubuta wannan. Ta ce in rubuta, amma kada in rage komai don in kare kaina.

Ni mai walda ne a Kano, ƙyamare da tagogi da tankunan ruwa nake yi. A 2012, ina ɗan shekara 19, na fara shiga wani kango a bayan layinmu inda samarin unguwa ke ɗaga ƙarfe. Ba rufi sai wata tsohuwar tamfol. Kayan aikinmu gwangwanayen fenti ne da aka cika da siminti aka soka musu bututu, da tsofaffin giyoyin babbar mota da muke tsintowa a wurin 'yan gwangwan. Da yake sana'ata ce, ni na haɗa bencin farko mai kyau a wurin, na yi masa ƙafafu da ragowar ƙarfen gadon wani alhaji. Ina son wurin nan har cikin raina, kuma har gobe ina son ɗaga ƙarfe. Ya raba ni da zaman majalisa, ya koya min tashin asuba, ya sa na san darajar wake da ƙwai da barci a kan lokaci. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, kada wani ya ɗora wa ƙarfe laifi.

Shekara huɗu ina yi da tuwo da alala da madarar gari. Na tashi daga kilo 61 na kai 74. Daga nan jiki ya ce iyakarsa ke nan. A benci na maƙale a kilo 90, wata da watanni, ko kilo biyu na ƙara sai sandar ta danne min ƙirji a zo a ɗage. Ana cikin haka wani babban yaya da ya taɓa shiga gasar nuna ƙirar jiki ya fara zuwa wurinmu. Hannunsa kamar cinyata. Wata rana bayan an watse ya dube ni ya ce, "Ƙanena, kana da ƙashi mai kyau, amma tuwo ya gama maka abin da zai yi. Duk wanda ka gani a kan dandamali, da taimako ya hau." Ya ce kuma ba ƙwayar maye ba ce, magani ne da likitoci da kansu suke rubutawa.

A wannan bai yi ƙarya ba, kuma shi ya sa maganar ta shige ni. Sustanon da Deca-Durabolin, alluran gina tsoka da ake ce wa sitiroyid, magunguna ne na asibiti. Ana ba namijin da jikinsa ya kasa samar da sinadarin mazantaka, wato testosteron, ana kuma ba wasu marasa lafiya da doguwar jinya ta cinye musu tsoka. Abin da bai gaya min ba shi ne awo. Jikin lafiyayyen namiji yana yin abin da bai wuce miligiram 5 zuwa 7 na testosteron a rana ba. Kwalbar Sustanon guda ɗaya miligiram 250 ce, kuma likita kan ba mara lafiya guda a kusan mako uku. Ni biyu ake tsira min a mako, ga Deca a kai, ga wasu 'yan ƙwayoyi na Dianabol da nake korawa da shayi.

Allurar farko a bayan labulen wani kemis aka yi min ita, a watan Maris na 2016. Ruwan mai ne mai kauri, a hankali yake shiga, wurin ya yi kwana uku yana min tsami. Ba wanda ya tambaye ni takardar likita, ba wanda ya auna jinina.

Zan faɗi gaskiya a nan, domin masu yi wa yara faɗa sukan ce abin ba ya aiki, yaran kuma suna gani da idonsu yana aiki, sai su daina sauraron kowa. Yana aiki. Cikin mako shida na ɗaga kilo 110. Gajiya ta ɓace. In na yi aikin ƙarfe da asuba, na wuni ina walda a rana, da yamma ji nake kamar in sake komawa. Rigunana suka matse, masu biki suka fara nemana tsaron ƙofa, yara suna bina a layi suna taɓa min dantse. Daga baya na karanta wani bincike da aka buga a Amurka a 1996, wanda wani likita mai suna Shalender Bhasin ya jagoranta. An ba wasu maza miligiram 600 na testosteron duk mako har mako goma. Waɗanda aka yi wa allurar suka zauna ba su ɗaga komai ba sun ƙara tsoka kusan kilo 3, waɗanda suka yi ta fama da ƙarfe ba allura kusan kilo 2 suka ƙara, waɗanda suka haɗa biyun kuma suka ƙara kilo 6. Wato mai kwance da allura ya wuce mai gumi. Yaron da ya ga haka a jikin abokinsa, wa'azin "ba ya da amfani" ba zai tsayar da shi ba. Sai dai a gaya masa farashin.

Farashin ya fara zuwa tun da wuri, ni ne na ƙi karɓar saƙon. Ƙuraje suka feso min a baya da kafaɗu, manya masu ruwa, har singileti na manne musu. Na ce zafin walda ne. Gashin gaban kaina ya fara zubewa ina ɗan shekara 24, na ce gado ne. Kan nonona ya yi tauri, wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino ya fito a ƙarƙashinsa, in riga ta goga sai in ji zafi. Babban yayan nan ya ce kowa na yi, zai wuce. Bai wuce ba, yana nan har yanzu. Daga baya likita ya bayyana min cewa in testosteron ya yi wa jiki yawa, jikin yakan juya wani kaso nasa ya koma sinadarin mata, shi ke tsiro da nono a ƙirjin namiji, kuma in ya riga ya kafu sai wuƙar likita. Akwai lokacin da idona ya yi ɗorawa, fitsarina ya koma kamar shayi ba madara. Hajiya, mahaifiyata, ta ce shawara ce, ta aiko min da jiƙo. Na ajiye ƙwayoyin na ɗan lokaci ya washe, na koma. Ashe hanta ce ke kuka, domin irin waɗannan ƙwayoyin na haɗiya an ƙera su ne yadda hanta ba za ta iya narkar da su da wuri ba, ita kuma take shan wahalar. Sau ɗaya kuma wurin allura ya kumbura ya tara ruwa, sai da aka tsaga aka matse, na yi mako biyu ina aiki a tsaye.

Sai fushi. Wannan ne nake jin kunyarsa fiye da sauran. Akwai yaron shagona, ɗan shekara 15 a lokacin, marayan da aka kawo min amana. Wata rana ya yanke rodi ya gaza da ɗan yatsa guda. Abin da a da zan ce "sake aunawa" in wuce. Ban san lokacin da na wurga masa guduma ba. Ta wuce ta gefen kunnensa ta fasa gilashin tagar da muka gama. Ya tsaya yana kallona, bakinsa na rawa, ya ce, "Oga, yi haƙuri." Shi ke ba ni haƙuri. Da ta same shi a ka, da yanzu wani labarin ake yi.

Abu ɗaya ne na lura da shi na kasa gaya wa kowa: 'ya'yan marainana sun ƙanƙance. Na gani, na kawar da kai. Tunda sha'awa tana nan, har ta fi da, sai na ɗauka komai lafiya.

Na yi aure a ƙarshen 2018. Shekara ta zagayo shiru. Mu a nan kowa ya san inda ido ke komawa in aka yi shiru. Ba wanda zai kalli ƙato mai kilo 94, wanda ke ɗaga bayan Keke Napep da hannu, ya ce shi ne. Ita aka kalla. A gidan suna a ce mata, "Amarya, ke kuma sai yaushe?" Wata gwaggona ta taɓa cewa a gabanta, wai 'yan matan yanzu tun a waje suke shan abin da ke ƙona musu mahaifa. Ta dawo gida ba ta gaya min ba, sai a bakin ƙanwata na ji. Aka shiga nema: rubutu, hayaƙi, sassaƙe daga ƙauye, zuma da habbatus sauda. Aka koma asibiti, aka yi mata sikanin ya fi sau biyar. Aka yi mata wani hoton bututun mahaifa da ake tura ruwa ta ƙasa, ta fito tana tafiya a dudduƙe, ta riƙe mara, hawaye na zuba ba ta ce komai ba. Ni na kai ta a babur, na jira a waje ina danna waya. Sakamako ya fito lafiya lau. Duk da haka ban yi tunanin kaina ba, ko kuma in ce na yi, na danne.

A shekara ta uku Hajiya ta kira ni ɗaki. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Kai, ba ƙin yarinyar nan nake ba, tana da ladabi. Amma shekaru na tafiya. Ka fara duba wata." Na ce a ba ni lokaci. Kuma wallahi a raina na fara lissafin kuɗin lefe.

Wata likitar mata ce ta tsaya kai da fata. Ta ce wa matata ba za ta sake rubuta mata ko da farasitamol ba sai mijinta ya zo an gwada shi. Na yi mako uku ina ja, ina cewa raini ne. Ranar da na je, a watan Yulin 2021, aka ba ni 'yar roba mai murfi aka nuna min wani ɗaki. Bayan kwana biyu na karɓo takarda. Ban iya karanta turancin likita ba, amma na ga inda aka rubuta sifili. Aka ce in dawo bayan wasu makonni a sake. Aka sake, sifili.

Likitan mafitsara da aka tura ni wurinsa dattijo ne mai sanyin magana. Ya duba takardar, ya dubi kafaɗuna da ƙurajen wuyana, ya ce, "Malam, me kake yi wa kanka?" Na ce motsa jiki. Ya ce, "Ban da motsa jiki." Sai na faɗa masa duka, da sunayensu da shekarun.

Ya ce lafiyayyen namiji ana samun ƙwayoyin haihuwa miliyan 15 zuwa sama a kowane mililita na maniyyinsa, ni ko ɗaya ba a gani ba. Da ya ji sana'ata sai ya yi min misali da abin da na sani. Ya ce, "In an kawo wuta, me kake yi da janareta?" Na ce kashewa. Ya ce to haka ƙwaƙwalwa take. Akwai wata 'yar halitta a ƙasanta da ke aika wa maraina saƙo iri biyu, ɗaya na su yi testosteron, ɗaya na su yi ƙwayoyin haihuwa. In ta ga jini ya cika da testosteron daga waje, sai ta ce an kawo wuta, ta daina aika saƙon gaba ɗaya. Maraina su kwanta, su ƙanƙance. Ƙwayoyin haihuwa kuma ba da na cikin jini suke girma ba, suna buƙatar wanda marainan suka yi da kansu a cikinsu, wanda ya ninka na jini sau da yawa. Shi ya sa mutum zai ga ƙarfinsa da sha'awarsa sun ƙaru, ruwa na fita kamar kullum, alhali ba iri a ciki. Ya ce, "Kai kuma shekara biyar janaretanka na kashe. Ka san yadda yake yi in an zo tayarwa."

Sannan ya faɗi maganar da ta sa na ji jiri a kan kujera. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron irin wannan a matsayin maganin tsarin iyali na maza. An buga sakamakon a 1990: maza 271 a ƙasashe bakwai, ana yi musu miligiram 200 duk mako, kuma kusan biyu cikin uku ƙwayoyin haihuwarsu suka ƙare ƙaf cikin wata shida. Miligiram 200. Ni fiye da ninki biyu na wannan nake yi, ban da sauran tarkacen. Wato duk shekarun nan da ake zargin matata da shan maganin hana haihuwa a ɓoye, ni ne ke kan allurar hana haihuwa, a fili, ina biya da kuɗina ina kuma alfahari. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni na ɗebo, bakin wata ya ƙone.

A daidai waɗannan kwanakin ake gasar Olamfik a Tokyo. Ina shago na ji a rediyo an dakatar da 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare, ranar 31 ga Yuli, bayan ta ci zagayen farko na tseren mita 100 tana shirin na kusa da ƙarshe. Sinadarin girma aka samu a jininta, ba irin nawa ba ne amma gidansu ɗaya a dokar wasanni, kuma daga baya hukuncinta ya kai shekara 11. A da in na ji irin wannan labarin cewa nake, ai kowa na yi, wanda aka kama ne dai tsautsayi ya faɗa wa. Haka muke faɗa a kango game da Ben Johnson, ɗan Kanada da ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.79 a Olamfik ɗin Seoul a 1988, kwana uku aka karɓe zinaren saboda an samu stanozolol, wani sinadarin gina tsoka, a fitsarinsa. Mu a wurinmu gwarzo ne da aka yi wa rashin adalci. A wannan karon, da takardar sifili a aljihuna, sai na kasa faɗin haka. Na shiga karance-karance da daddare, tunda barci ma ya ƙaurace min, kuma abin da na yi ta cin karo da shi shi ne mutanen da ba su sha komai ba amma su suka biya.

Sunday Bada, ɗan tseren Najeriya, ya fi tsaya min a rai. A Olamfik ɗin Sidni a shekarar 2000, shi da Clement Chukwu da Jude Monye da Enefiok Udo-Obong suka zo na biyu a tseren ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu, bayan Amurka. A 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa yana amfani da haramtattun sinadarai a lokacin. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya zinaren. Bada ya rasu a Disambar 2011. Ya yi gudunsa, ya ci, ya koma ga Allah da azurfa a hannu, saura 'yan watanni a ce masa zinare ne. Wa zai biya shi wannan?

Sai 'yan matan Jamus ta Gabas. Daga 1974 gwamnatin ƙasar ta mayar da abin tsari na hukuma. Masu horarwa suna ba yara mata 'yan ninƙaya da masu jifa wasu ƙwayoyi shuɗɗa, Oral-Turinabol, suna ce musu bitamin ne. Wasu ba su wuce shekara 13 ko 14 ba. Dubban 'yan wasa aka yi wa haka. Muryoyinsu suka buɗe irin na maza, gashi ya fito musu a fuska, al'ada ta rikice, da yawa suka girma da ciwon hanta da ɓarin ciki. Muryar mace in ta fashe ta wannan hanyar ba ta komawa. Da aka gurfanar da shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da babban likitansu Manfred Höppner a Balin a shekarar 2000, ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka aka yi musu, ko kwana ɗaya ba su yi a kurkuku ba. Na karanta wannan na dubi matata tana barci. Su an ba su ƙwaya an ce bitamin ne. Ita an ba ta miji an ce lafiyayye ne.

Kuma su manyan 'yan wasan nan suna da likitoci masu auna musu jini, suna da kuɗi, akwai WADA, hukumar yaƙi da haramtattun sinadarai a wasanni da aka kafa a 1999, tana bin su da kwalbar fitsari, ko ba komai tsoronta na sa su taka burki. Mafi yawan masu wannan allurar a duniya ba 'yan gasa ba ne, irina ne, masu son riga ta cika. Ba mai zuwa kangonmu ya gwada kowa. Ba mu san ma ko abin da ke cikin kwalbar shi ne aka rubuta a jikinta ba. Na sha ganin mutum uku sun zuƙa daga kwalba ɗaya, wani lokacin da sirinji ɗaya in na kemis ya ƙare. Da aka yi min gwajin ƙanjamau da ciwon hanta ya fito ba komai, sujada na yi a tsakar ɗaki. Yanzu kuma har yara 'yan 16 da 17 nake gani suna tambayar allura, su da ƙashinsu bai gama tsawo ba, kuma sinadarin yana rufe bakin ƙashi ya tsayar da tsawon yaro inda ya same shi.

(Wata 'yar'uwa ta tambaye ni ko wannan ne 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, wanda ake kira sha-ka-fashe. Galibi ba shi ba ne. Nasu yawanci dangin dexamethasone ne da magungunan buɗe ciki. Shi ma ana ce masa sitiroyid amma wani gida ne daban: ba ya gina tsoka, fuska yake kumburawa, ya tara ruwa da kitse, ya ta da sukari, ya cinye ƙashi. Kowanne da irin ɓarnarsa.)

Dainawa ta fi farawa wuya nesa ba kusa ba. Likita ya gargaɗe ni, amma ji ba ya kai gani. An ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Wata na biyu ko guduma na ɗaga sai in ji kamar an zare min laka. Sha'awa ta mutu murus. In zauna a bakin shago hawaye na zubo min ba dalili, ni da ko a rasuwar mahaifina ban yi kuka a gaban mutane ba. Akwai daren da na yi tunanin da ba zan rubuta shi a nan ba, sai dai in ce duk wanda ya daina ya ji irin wannan duhun, ya koma wurin likita a ranar, kada ya jira. Na sauko daga kilo 94 zuwa 79. Unguwa ta ɗauka, wai ciwon zamani ya kama ni. Masu biki suka daina kira. Sau biyu ina tsayawa da babur a ƙofar kemis ɗin nan, in yi minti goma, in juya. Na fahimci dalilin da ya sa da yawa ba sa iya bari: allura ɗaya za ta ɗauke duk wannan cikin kwana uku.

Likitan ya kuma tura ni hoton zuciya, saboda jinina ya kai 160 bisa 100. Aka ce bangon ɗakin hagu na zuciyata ya yi kauri. Ita ma tsoka ce, allurar ba ta san bambancin dantse da zuciya ba, kuma zuciya in ta yi kauri sai ta yi tauri, ta kasa sakin jiki ta cika da jini yadda ya kamata. Kitsen jinina mai kyau ya faɗi ƙasa warwas, mara kyau ya hau. Wani matashin mai gasar ƙirar jiki a Amurka, Dallas McCarver, da muke kallon bidiyonsa a waya muna sha'awa, ya mutu a 2017 yana da shekara 26, aka auna zuciyarsa ta haura giram 800, alhali ta namiji ba ta cika wuce 350 ba. A Denmak kuma an bi maza 545 da aka kama da sinadarin a gidajen motsa jiki, aka buga a 2019 cewa mutuwa a cikinsu ta ninka ta sa'o'insu sau uku. Yau shekarata 30 da 'yan kai, kullum bayan sallar asuba sai na haɗiyi ƙwayar hawan jini, kuma an ce da wuya in rabu da ita.

Matata na fara gaya wa, a daren da na karɓo takarda ta biyu. Na zauna a ƙasa, ita tana kan gado, na faɗa mata tun daga labulen kemis. Ta daɗe ba ta yi magana ba. Da ta buɗe baki ba ta yi zancen jiƙo ba, ba ta yi zancen hoton nan mai zafi ba. Cewa ta yi, "Yaya, ranar da Gwaggo ta faɗi maganar nan, ka ji labari. Me ya sa ba ka ce komai ba?" Ba ni da amsa a ranar, yau ma ba ni da ita. Ta yi mako guda ba ta haɗa ido da ni ba, abinci dai tana ajiye min. A rana ta takwas ta ɗauko kwanon nan daga ƙarƙashin gado ta kai bakin rariya ta tuttular, ta wanke shi da toka, ta kife. Ta ce ta yafe, amma da sharaɗi ɗaya: in je in faɗa wa Hajiya da bakina, a gabanta.

Wata uku ina ɗaga ranar. Namiji ya zauna gaban mahaifiyarsa ya yi irin wannan bayanin, ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Ranar wata Juma'a bayan la'asar muka je. Hajiya na kan tabarma tana gyaran zogale. Na durƙusa na ce, "Hajiya, maganar ƙarin auren nan a bar ta. Likita ya gwada ni. Matsalar daga gare ni take, wata allura ce da na yi shekaru ina yi don ƙarfe. Ita lafiyarta ƙalau tun farko." Hannunta ya tsaya a cikin tiren. Ba ta dube ni ba. Ta juya wajen matata ta ce, "'Yar nan, matso." Ta matsa. Hajiya ta kama hannunta ta riƙe, ta ce, "Mun ɗauki alhakinki. Ni da bakina na ce a yi miki kishiya. Ki yafe min don Allah." Suka sa kuka su biyu. Ni ko kallo ban samu ba har muka tashi tafiya. Sai a zaure ta ce min, "Gobe ka je gidan gwaggonka ka maimaita mata abin da ka faɗa min." Na je.

Ƙwayar haihuwa tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta nuna, don haka duk wata uku nake komawa gwaji. Na farko sifili. Na biyu sifili. A wata na tara aka ga 'yan tsiraru, mai gwajin ya ce ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. A wata na goma sha biyar suka kai miliyan 11. Likita ya ce in gode wa Allah, domin yana da waɗanda suka shekara uku suna zuwa ba abin da ya dawo, musamman waɗanda suka daɗe a kai. A ƙarshen 2023 matata ta haifi mace. Hajiya ce ta yi mata wankan jego da hannunta, kwana arba'in, ba ta bar kowa ya taɓa tukunyar ba.

Na koma kango bara, da sharaɗin likita: ba nauyin da zai sa in riƙe numfashi. Bencin da na haɗa yana nan, an sake masa katako. Kilo 70 nake ɗagawa yanzu, yaran da na koya wa riƙon sanda sun wuce ni. Takardar sifilin nan na sa an manne min ita da leda, tana cikin jakar kayana. Makon jiya wani yaro mai shirin aure bayan Sallah ya biyo ni har bakin babur, ya rage murya ya ce, "Oga, don Allah wace ce ka yi amfani da ita lokacin da kake da girman nan?" Na kashe babur ɗin, na ciro takardar na miƙa masa, na ce ya zauna.